Waƙar Daɓen Iya Asibi

Shekara shida na yi a ƙungiyar Motar Asuba ina buga abin da wasu suka tsara. Ni ne mai fiyanonsu. Aikina na yau da kullum a wani ɗan sitidiyo yake, a bayan kasuwar Suleja, inda nake haɗa wa mawaƙan biki kiɗa, waƙa uku kafin la'asar idan wuta ta zauna. Na iya aikina, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Haƙuri ne Allah bai ba ni da yawa ba, wannan kuwa duk wanda ya san Sadisu Ghali zai ba ka labari.

Sunan ƙungiyar ba don ado aka sa shi ba. Wajen shekarar 2010 akwai wata doguwar mota da take kwasar ma'aikata daga Suleja zuwa Abuja da zarar an idar da sallar asuba. Cikin masu hawanta har da Malam Abdulsalami Tanimu, wanda a lokacin yake zanen taswira a wata ma'aikata. Mutum ne marar yawan magana, amma ba ya rabuwa da kukumarsa, a jakar takardu yake saka ta tare da fayilolin ofis. Idan mota ta maƙale a cunkoson Zuba, kowa ya shiga tsaki da duba agogo, sai ya zaro ta ya riƙa goga ta a hankali. Alheri, wata mai buga takardu da take waƙa a cocinsu, ita ta fara bin sa da murya. Chisom mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da bubbuga bayan kujera ya fara, sai daga baya aka gano gita yake bugawa, irin babbar nan mai kaurin murya. Hashim mai kalangu bai taɓa hawa motar ba. Har gida Malam ya je ya same shi, don tun kakanni su suke yi wa mahauta kiɗa. Motar ta daɗe a hannun 'yan gwangwan, Malam ya yi ritaya, amma har yau duk Asabar da Lahadi bayan la'asar muna garejinsa a Kurmin Sarki.

Aikinsu ne ya jawo ni. Sukan shiga ƙauyuka su zauna da tsofaffi, su roƙi waƙoƙin da suke shirin bin masu su kabari: na noma, na daka, na reno, na farauta. Ba ajiye su suke yi ba. Sukan kawo waƙar gareji su kwance ta, su yi wata biyu ko uku suna juya ta, har ta fito sabuwa fil, wadda ɗan shekara ashirin zai ji ya tsaya, tsohuwa kuma ta ji ta gane abinta. Ranar da na fara jin su a wani taron makaranta, na tsaya bakin ƙofa da niyyar minti biyar, ban motsa ba sai da suka fara naɗe wayoyi. Ban taɓa zaton kukuma da gita za su zauna wuri ɗaya ba tare da ɗaya ta danne ɗaya ba.

Doka ɗaya ce da ƙungiyar, kuma wuya ce ta koya musu ita. A shekararsu ta biyu sun ji wani ɗan kiɗa a bakin wani manomi a wajen Tafa, ya yi musu daɗi, suka mai da shi na rawa, suka buga shi a gidan biki. Ana cikin rawa wani dattijo ya ratso mutane, ya ɗora tafin hannunsa a kan kalangun Hashim. Ya ce musu wannan kiɗan a wurinsu ba a yin sa sai ranar da aka ɗauko gawar maharbi, kuma da shi aka raka mahaifinsa. Malam ya ba shi haƙuri, suka tattara kayansu ba su ci abincin bikin ba. Tun daga ranar, babu waƙar da take zuwa gaban jama'a sai an ɗauki kayan kiɗa an je ƙofar wanda ya ba da ita, an buga masa, ya ji da kunnensa ya ce ya yarda. Suna kiran abin mayar da waƙa gida. Kafin tawa, waƙoƙi uku aka binne ta haka, ɗaya ma ta Malam ce da kansa.

A daminar bara wata gwaggon Alheri ta ba mu labarin Iya Asibi ta Izom, wadda a zamaninta duk wanda ya gina sabon ɗaki ita ake kira ta ja wa mata waƙar daɓe. Ni da Alheri muka je. Muka tarar da ita zazzaɓi ya sake ta bai fi kwana biyu ba, tana zaune a tabarma ta jingina da bango. Duk da haka ba ta kore mu ba. Na ajiye wayata kusa da bakinta, ta yi mana waƙoƙi kamar biyar, amma guda ɗaya ce ta shiga raina ta zauna:

Ƙasa ki kwanta, mun zo da hannu,
Gobe da safe a shimfiɗa tabarma.

A hankali ta yi ta, muryarta tana rawa, kuma bayan kowane ɗan yanki sai ta yi shiru kafin ta ci gaba. Wannan shirun shi ya kashe ni. Na ji kamar mutum ne yake haɗiye kuka. Ni dai a kan siminti aka haife ni, ban taɓa ganin ana daɓe ba, ban kuma ga dalilin tambaya ba.

Na roƙi Malam ya bar mini ita, ya bar mini. Wata uku na yi a kanta. Na shimfiɗa mata fiyano mai sanyi, na cike kowane shiru da sauti mai taushi, na ba kukuma wata doguwar hanya da take hawa tana sauka, na ce Hashim kada ya taɓa kalangu sai can ƙarshe. Ranar da muka fara buga ta daga farko har ƙarshe, minti tara cur, Alheri sai da ta fita waje ta wanke fuska. Chisom ya ce tun da yake bai taɓa buga abu irin wannan ba. Malam ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya tambaye ni ko na taɓa zuwa wurin daɓe. Na ce ina zan gan shi a wannan zamanin. Ya ce haka ne.

Sai ga takardar gayyata. Wani taron masu sabon kiɗa za a yi a Abuja, a babban ɗakin taro, ranar Asabar bayan la'asar, kuma za a ɗauki komai a na'ura. Malam ya ce da waƙata za mu rufe, kuma za a faɗi sunana a matsayin wanda ya tsara ta. Ba zan ɓoye ba, abin da na shekara shida ina jira ke nan. Na gaya wa matata, na gaya wa mai sitidiyonmu, na gaya wa mai shayin bakin layinmu wanda bai ma tambaye ni ba. Saura abu ɗaya, mayar da waƙa gida, ni kuwa a ganina wannan zuwa ne kawai a sha yabo.

Ranar Lahadin da ta rage kwana shida muka loda kaya a motar Malam muka nufi Izom. Iya Asibi ta warware sarai, har ta yi ƙiba. Ta sa aka share mana gindin mangwaron tsakar gida, ta kira ƙawayenta uku, suka jeru a kan benci. Chisom ya tayar da ƙaramin janareta can bayan ɗaki don kada ƙararsa ta dame mu. Muka buga. Wallahi mun buga ta da kyau a ranar, ban taɓa jin muryar Alheri ta fita haka ba.

Da muka gama, Iya Asibi ta dubi ƙawayenta, ta dubi Malam.

"Malam, wa ya rasu?"

Tsofaffin nan suka kwashe da dariya, ɗaya har tana riƙe ciki. Iya ta ga fuskata, ta sassauta, ta yi mini bayani kamar tana lallashin jika. Ta ce ranar da muka zo ba ta da ƙarfi, shi ya sa ta ja ta a hankali. Shirun da nake ji kuwa ba shiru ba ne, nan ne madaɓi yake sauka a ƙasa, shi ne yake magana a wurin, shi ya sa baki yake ba shi hanya. Ta ce da irin wannan tafiyar tamu, sai ƙasar ta bushe ta tsage ba a gama rabin ɗaki ba.

Malam ya gyara zama ya yi tambayar da ake yi kullum. "Iya, kin yarda mu kai ta gaban mutane?"

"Ku kai mana. Kiɗanku ne, kuma yana da daɗi, har barci ya fara ɗauka ta. Amma don Allah kada ku ce tawa ce."

Malam ya yi godiya, ya mai da kukumarsa cikin jaka. Na san ma'anar hakan.

A hanya na fashe. Na ce ai ta ce mu kai. Na ce wa ya san daɓe a Abuja, mutanen da ko ƙasa ba sa takawa daga mota sai tayil? Na ce wata uku na ba waƙar nan, kuma ta fi duk abin da muka taɓa yi, kowa a motar ya sani. Chisom ya ɗan goya mini baya da Hausarsa mai tsalle, ya ce, "Oga, abeg, abin yana daɗi fa. Mu canza suna kawai mu buga." Malam yana tuƙi bai ko juyo ba. Ya ce shi ma ya ji wani abu bai zauna daidai ba tun a gareji, amma daɗin kiɗan ya rufe masa kunne, kuma shi kansa daga bayan katanga kawai ya taɓa jin daɓe yana ƙarami, don ba a barin maza su shiga. Ya ce laifin nasa ya fi nawa.

"To tunda haka ne mu buga," na ce.

"Ban hana ka ba, Sadisu. Fiyanonka ne. Amma kukumata ba za ta shiga ba."

Na ce ya tsaya. Na sauka a bakin hanya tun ba mu shiga gari ba, na ce su nemi wani mai fiyanon. Na hau acaɓa na bar su da kayana a mota.

Ranar Litinin ban yi wa kowa aiki a sitidiyo ba. Na ɗora muryar Iya Asibi a kwamfuta da niyyar in tabbatar wa kaina cewa tsohuwar nan rigima kawai take ji. Sautin ya fito a allo, na zuba masa ido. Sai na ga abin da na kwana casa'in ina kallo ban gani ba: wuraren shirun nan duk tsawonsu ɗaya, ko da na gwada da ma'auni babu wanda ya fi wani. Mai haɗiye kuka ba ya yin haka. Na sa hannu ina bugun tebur a kowane gurbi, na ƙara wa muryar sauri, na ƙara, sai ga wata waƙa daban ta tashi tsaye a gabana. Na ji haushin Iya, na ji haushin Malam, amma na kaina ya fi.

Talata da safe na hau motar Izom ni kaɗai. Na same ta tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo ta sake yi mini waƙar yadda take. Ta ce ba za ta iya ba, waƙar daɓe ba ta fita a zaune, ko ta gwada abin da na ji ran nan shi zan sake ji. Sai da ƙasa a gaba da madaɓi a hannu. Kuma rabonta da daɓe ya fi shekara ashirin, don yanzu ko ɗakin awaki siminti ake zuba masa. Ta dubi madafinta, wata 'yar bukka a gefen gida wadda kaji suka tone ƙasanta duk ramuka.

"Ɗan nan, idan da gaske kake, ga ɗaki can. Amma mu tsofaffi ne, ba mai ɗaukar mana ƙasa."

Ranar nan na san Allah ya yi marmara, jar ƙasar da ake daɓe da ita, da nauyi. Da wani tsohon baro mai karkatacciyar ƙafa na riƙa kwaso ta daga bayan gida, na kwaso tsakuwa, na baje su a madafin yadda ta nuna mini, ta ce ban iya ba, na sake. Ta jiƙa makuba a tukunya, wato ɓawon ɗorawa da ake yayyafa ruwansa don daɓe ya yi ƙarfi ya yi duhu. Ta sa aka sauko da madaɓai daga saman rumbu, itatuwa masu faɗin ciki da mariƙi, guda huɗu, ɗaya gara ta cinye shi. Wani kafinta a bakin kasuwa ya sassaƙa mana uku kafin yamma, yana yi yana tambayata ko fim za mu yi. Na koma Suleja bayana kamar ba nawa ba.

Laraba da hantsi mata shida suka hallara, ƙaramarsu ta ba sittin baya. Suka ɗaure zannuwa, suka cire 'yan kunne, suna ta tsokanar juna a kan gwiwar wa za ta fara ƙi. Iya ta ce ni iyakata bakin ƙofa. Aikina in jawo ruwa a rijiya, in tsaya da bokiti, in an ce miƙo in miƙa. Na jingina wayata a kan dutsen murhu na kunna ta.

Suka durƙusa a jere, kafaɗa da kafaɗa. Iya ta ɗaga madaɓinta ta ja baiti, muryar da na sani mai rawa ta fito tsaf kamar ta mace mai shekara talatin. Madaɓai shida suka sauka lokaci ɗaya, na ji abin a tafin ƙafata kafin ya iso kunnena. Sauran suka amsa, ƙasa ki kwanta, itace ya sake sauka. Sauri take yi ninki uku na yadda na tsara ta. Suna bugu suna ja da baya kaɗan-kaɗan da gwiwa, ba mai kallon wata, ba kuma mai kuskure. Baitocin da na ɗauka na kewa ne ashe duk tsiya ce. Akwai na wani Amadu mai jar hula da aka aika ya kawo ruwa aka tsince shi yana barci a ƙarƙashin rumbu. Akwai na wani da ya zo leƙen mata ya faɗa kwatami. Suna yi suna dariya, gumi yana ɗiga a kan ƙasar da suke bugu.

Na shagala har ban ji an ce miƙo ruwa ba. Da aka sake faɗa na zabura, na yi tuntuɓe da bakin ƙofa, rabin bokitin ya ƙare a kan wandona da fararen takalmana. Iya ko ɗagowa ba ta yi ba. Bugu na gaba sai na ji:

Sadisu ɗan birni mai farin takalmi,
Ya zo koyon waƙa, ruwa ya fi ƙarfinsa.

Suka amsa da ƙarfin da ba su yi wa Amadu ba. Ta maimaita, suka sake amsawa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. A rayuwata ba a taɓa yi mini dariya irin wannan na tsaya ba, na kuma ji zuciyata ta taso har wuya. Amma ƙafata tana bin bugun, na kasa hana ta. Na tsaya a jiƙe har suka kai bango na ƙarshe, suka yayyafa makuba, ƙasar ta kwanta sumul tana ƙyalli.

Daga tasha gidan Malam na wuce, ko wanka ban yi ba. Yana zaune a benci a ƙofar gareji yana jiran magariba. Na yi sallama, ya amsa, ya dubi takalmana, ya matsa mini wuri. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Na kunna masa wayar. Ya saurara har ƙarshe, da aka zo baitina ya yi tari ya kau da kai. Sannan ya ce in kira sauran.

Abin da ya sa nake girmama mutanen nan ke nan. Alheri da Chisom suka nemi hutun kwana biyu a wuraren aikinsu, babu wanda ya ce mini ai ga shi nan. Alhamis tun safe muna gareji. Na zubar da wata ukuna gaba ɗaya. Hashim ya kawo shawarar a yi akwatin katako mai faɗi a cika shi da jar ƙasa, muka aro madaɓai uku daga Izom, shi da Alheri da wata ƙanwar matar Malam suka durƙusa a gabansa. Gitar Chisom ta bi saukar itacen tana ƙara masa nauyi. Kukuma ta zama ita ce mai tsokana, tana shiga tsakanin baiti da amshi tana fita. Idan an kai tsakiya Hashim ya ajiye madaɓi ya ɗauki kalangu. Fiyanona da ya cika ko'ina a da, ya koma 'yan sautuka huɗu da nake jefawa can ƙasa, kuma ko kusa da gurbin madaɓi ban yarda ya je ba. Baiti ɗaya kawai na cire, kowa kuma ya lura.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka koma Izom. Wannan karon tsakar gidan ta cika. Tun a bugu na uku na ga kafaɗun Iya sun fara motsi. Kafin mu kai rabi tsofaffin nan shida sun karɓe amshi daga bakinmu, wata ma ta sauko daga benci tana bugun ƙasa da tafin hannu. Da muka tsaya Iya ta share fuska da gefen mayafi.

"Yanzu kam ta tashi. Wannan tawa ce." Na saki numfashi. Sai ta ce, "Amma ina baitinka?"

Na ce, "Iya, ai wannan wasan ran nan ne kawai. Ba ya cikin waƙar."

"Wa ya gaya maka? Duk baitin da ka ji a ciki wasan wata rana ne. Kowane ɗaki da namijin da ya kawo masa ruwa, kuma ba a fitar da shi. Amadu mai jar hula da kuke ta rerawa, ka san ko wane ne? Mijina ne. Ya fi ka zuciya nesa ba kusa ba. Shekara arba'in yana jin ta a gidajen mutane yana cika yana batsewa. Yau shekararsa goma sha ɗaya a ƙasa, kuma in ba a waƙar nan ba, ban san inda ake kiran sunansa ba."

Ta ce madafinta shi ne ɗaki na ƙarshe da za ta daɓe a duniya, ta san haka, kuma ni na kawo masa ruwa. In an cire ni, waƙar ba ta cika ba, ita kuma ba ta ba da rabin abu.

Malam bai dube ni ba. Ya tsura wa tsirkiyar kukumarsa ido kamar yau ya fara ganinta. Na gane ba zai sa baki ba, ko na ce a'a ba zai ce mini komai ba, sai dai gobe mu rufe taro da wata waƙar. Na tuna ɗakin taron, da na'urorin ɗaukar hoto, da matata da na saya wa sabon leshi don ranar. Na ce a saka. Muka sake bugawa daga farko da baitin a ciki, sannan Malam ya yi tambayarsa, Iya ta ce ta yarda.

Ɗakin taron ya cika ranar Asabar. Ƙungiyoyi huɗu suka riga mu, wasu da kayan kiɗan da ban san sunansu ba. Da aka zo waƙarmu ta ƙarshe, mai gabatarwa ya karanta cewa waƙar daɓe ce ta Iya Asibi ta Izom, wadda Sadisu Ghali ya tsara. Daidai lokacin ma'aikata suna jan akwatin ƙasarmu zuwa tsakiyar dandamali, mutane suna ta kallonsu suna ƙus-ƙus, ban jin ko mutum goma sun ji abin da ya ce.

Madaɓai suka sauka, surutun ya ɗauke. Na ga mutane masu manyan riguna da kwat sun gyara zama. A layi na biyu wata hajiya mai gilashi, wadda daga gani ta daɗe da barin ƙauye, ta dafe baki, can kuma na ga tana amshi. Kafin baitin Amadu ya wuce, rabin ɗakin ya koyi cewa ƙasa ki kwanta.

Sai Alheri ta ɗago, ta nuna ni da madaɓinta, ta ja baitina da dukkan muryar da Allah ya ba ta. Mai kula da fitila, ban san wa ya sa shi ba, ya juyo da haske kaina. Ɗakin ya ɗauki dariya. Na hango matata ta rufe fuska da gyale kafaɗunta suna girgiza. Alheri ta maimaita, kamar yadda Iya take yi. Na ji abin nan ya taso mini har wuya, na jira ya zama fushi, sai bai zama ba. Amadu ne ya faɗo mini a rai, mutumin da ban taɓa gani ba, ga ni a bayansa a layi, kuma bayana babu kowa. Idona ya cika, na rasa inda zan sa fuskata a cikin hasken nan.

Alheri ta ja baitin a karo na uku. Na ɗauke hannuna daga fiyano, na jawo makirfon kusa da bakina, na amsa tare da su.